Endometiriyosis da ƙullutu a gidan ƙwai: tiyata za a fara ko neman ciki?

Babbar Yaya:

Assalamu alaikum. Likitocinmu da sauran ma'aikatan lafiya, ina neman haske a kan ƙanwata. Shekararta 29, shekara uku da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Tun tana budurwa take fama da ciwon mara mai kwantar da ita kwana biyu ko uku duk wata, har da amai. Yanzu abin ya ƙaru, tana jin zafi can ciki lokacin saduwa, idan kuma tana al'ada bahaya ma wahala ne. An sha ba ta maganin sanyi, na asibiti da na gargajiya, babu sauƙi. Kwanan nan aka yi mata hoton mara, aka ga ƙullutu mai faɗin santimita 4 a gidan ƙwai na hagu. Likita ya ce alamun endometiriyosis ne, ya ce ko dai tiyata ko allurar wata-wata har wata shida.

Wace irin cuta ce wannan, me ya raba ta da sanyi da ƙarin mahaifa? Za ta iya haihuwa? Wanne ya kamata a fara? Manya a gida suna cewa a bar ta kawai, da zarar ta samu ciki ciwon ya tafi.

Likitar Mata:

Wa alaikumus salam, Yaya. Allah Ya ba ta lafiya.

A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da ke yin kauri duk wata don ta karɓi ciki. Idan ba a samu cikin ba sai ta zube, shi ne jinin al'ada. Endometiriyosis shi ne nama mai kama da wannan shimfiɗar ya tsiro a wajen mahaifa: a jikin gidan ƙwai, a bangon mara ta ciki, a kwarin da ke tsakanin mahaifa da dubura, a jijiyoyin da ke riƙe mahaifa ta baya, wani lokaci har kan hanji ko mafitsara. Wannan naman yana jin kiran istirojin, sinadarin da gidan ƙwai ke fitarwa, kamar yadda na cikin mahaifa yake ji. Duk wata sai ya kumbura ya yi tsattsafin jini, alhali ba shi da ƙofar fita. Wurin ya yi kumburi, ya warke da tabo, wata mai zuwa a maimaita. Tabon nan ne ke manne gidan ƙwai da bayan mahaifa, ko hanji da mahaifa, ya lanƙwashe bututun da ƙwai ke bi. Idan naman ya zauna a cikin gidan ƙwai, tsohon jinin ya taru ya yi kauri da duhu kamar narkakken cakulan, shi ne ƙullutun da aka gani, ana ce masa endometiriyoma.

Dalilin faruwarsa bai tsaya ga abu ɗaya ba. Tun 1927 wani likitan mata na Amurka, John Sampson, ya yi bayanin cewa wani ɓangare na jinin al'ada kan koma baya ta bututu ya zuba a cikin mara. Sai dai hakan na faruwa ga mafi yawan mata, ba kuma dukkansu ke kamuwa ba, don haka gado da yanayin garkuwar jiki suna da hannu. Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ke da shi ta fi kusa da samunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da shi, kimanin mata miliyan 190. An daɗe ana koyar da cewa ciwon Turawa ne, bai cika kama baƙar fata ba. Ba haka ba ne, rashin bincike ne, kuma wannan kuskuren ya jawo wa matanmu shekaru na shan maganin sanyi a banza.

Sanyi ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi. Yakan zo da ruwa mai wari ko zazzaɓi, ciwonsa ba ya bin kwanan wata, kuma yana jin magani. Endometiriyosis babu ƙwayar cuta a cikinsa, ba a ɗaukarsa a banɗaki, ba miji ne ya sa mata ba, ita ma ba za ta sa masa ba. Ƙarin mahaifa kuwa dunƙulen tsoka ne a bangon mahaifar kanta, ya fi zuwa da yawan zubar jini da girman ciki. Mace ɗaya tana iya haɗa biyun.

Batun haihuwa: da yawa suna haihuwa, wasu ma ba tare da wani taimako ba. Amma kusan kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na masu ciwon suna samun jinkiri, saboda tabo kan hana bututu ɗaukar ƙwai, kumburin mara kan takura wa ƙwai da maniyyi, ƙullutun kuma yana cinye lafiyayyen naman gidan ƙwai a hankali. Maganar manya tana da tushe ta gefe guda, domin ciki da shayarwa suna tsayar da al'ada, ciwon yakan lafa. Ba warkewa ba ce, yakan dawo. Kuma ita matsalarta ai samun cikin ne.

Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: duk maganin sinadari da ke kwantar da endometiriyosis yana hana samun ciki muddin ana kansa. Allurar wata shida za ta rage ciwo, amma wata shida ne babu damar ciki, kuma bayan an daina ba ta ƙara yiwuwar samunsa. Wadda haihuwa ce a gabanta yanzu, ba da allurar ake farawa ba. Kafin a yi maganar wuƙa ma, a yi gwaji uku: maniyyin maigidanta, hoton bututu da ake kira HSG, da gwajin jini na AMH mai nuna yawan ƙwan da ya rage mata. Sakamakonsu ne zai nuna hanya.

Mai Ɗaukar Hoton Ciki:

Hajiya, kafin a gina hukunci a kan takardar nan, a duba yadda aka ɗauki hoton. Idan ta saman ciki ne da cikakkiyar mafitsara, bai wadatar ba. Wanda ake buƙata shi ne na ta gaba, da siririyar na'ura, mafitsara babu fitsari. Da shi ake ganin cikin ƙullutun sosai. Ga budurwa kuwa ba a bi ta gaba, sai ta saman ciki, ko ta dubura idan ta yarda, ko hoton babbar na'ura mai maganaɗisu da ake kira MRI.

Abu na biyu, hoto ɗaya ba ya tabbatar da endometiriyoma. Bayan ƙwai ya fita, wani lokaci jini kan taru a gurbinsa ya yi ƙullutu mai kama da shi, wanda ke bajewa da kansa. Don haka a sake hoton bayan mako 6 zuwa 8, a 'yan kwanakin farko bayan ta yi wanka. Idan ya ɓace, ba shi ba ne. Idan yana nan da girmansa da kamanninsa, magana ta tabbata.

Tunda tana jin zafi wajen bahaya da saduwa, a roƙi mai hoton ya rubuta abubuwa uku ƙarara: ko mahaifa tana zamewa a kan hanji idan an ɗan tura ta ko kuwa ta manne, ko gidajen ƙwan biyu sun haɗe a bayan mahaifa, da kuma halin ƙodoji. Na ƙoda yana da muhimmanci ƙwarai. Nau'in ciwon mai nutsewa cikin nama fiye da milimita 5 yana iya shaƙe bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, ƙodar ta kumbura ta lalace shiru, ba tare da mai ita ta ji komai ba.

Ga sauran mata masu irin wannan ciwon: hoto ya fito lafiya ba ya nufin babu endometiriyosis. Ƙananan ɗigo-ɗigon da ke shafe a bangon mara hoto ba ya kama su, sai kyamara ta shiga. Gwajin jini na CA-125 ma kada a kashe kuɗi a kansa don gano wannan ciwon. Yakan hau a lokacin al'ada, da ƙarin mahaifa, da sanyi, yakan kuma zauna daidai ga mai ciwon, sai dai ya tayar da hankalin gida da tsoron daji.

Mai Haɗa Magunguna:

Allah Ya saka wa Likita. Ni ta ɓangaren magani zan shigo, domin ko wace hanya aka ɗauka, ciwon wata mai zuwa yana nan tafe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jira sai ciwo ya kai maƙura kafin a sha magani. Abin da ke murɗa mara wani sinadari ne, furostagilandin. Magunguna irin su Brufen da Ponstan hana jiki ƙera shi suke yi, ba sa kwashe wanda ya riga ya fita. Shi ya sa ake farawa kwana ɗaya kafin al'ada, ko da ganin alamar farko, a ci gaba a kan lokaci kwana biyu zuwa uku. Brufen miligiram 400 duk awa 8 bayan an ci abinci, ko Ponstan miligiram 500 sau uku a rana. Ɗaya ake zaɓa. Haɗa Brufen da dikulofenak da Felvin a lokaci guda ba ya ƙara sauƙi, gyambon ciki da ciwon ƙoda yake jawowa, don duk dangi ɗaya ne. Wanda ake iya haɗawa da su shi ne farasitamol, giram 1 duk awa 6, kada a wuce giram 4 a yini. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, da mai asma da irin waɗannan ke tayar mata, su nisance su sai da izinin likita. Mai neman ciki kuma ta taƙaita su ga kwanakin al'ada, saboda shansu a tsakiyar wata yana iya hana ƙwai fashewa ya fito.

Ina roƙon ku da babbar murya, kada a fara yi mata allurar kashe ciwo ta fenta (fentazosin) a kemis duk wata, kada kuma a saba mata da tiramadol. Ciwon da ke dawowa kowane wata shi ne hanya mafi sauƙi ta kamuwa da jarabarsu, fenta kuma tana taurara tsoka ta bar gyambo a wurin da ake yawan soka ta.

Allurar da aka ambata mata galibi Zoladex ce, miligiram 3.6 a ƙarƙashin fatar ciki duk kwana 28. Tana kashe istirojin ne har mace ta zama kamar wadda al'ada ta ɗauke mata: jin zafi ya taso mata, gumin dare, bushewar gaba, sauyin hali. A mako biyun farko ciwon kan ƙaru kafin ya sauka. Tana kuma rage ƙarfin ƙashi, dalilin da ya sa ba a wuce wata shida sai an haɗa da ɗan maganin da ke mayar da kaɗan daga sinadarin.

Wadda ba ta neman ciki yanzu tana da zaɓi masu sauƙi. Akwai ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, a sha a jere babu hutun kwana bakwai, don kada al'adar ta zo. Ba a ba mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido. Akwai Visanne miligiram 2 kullum, akwai robar Mirena da ake sawa a mahaifa, akwai ashana ta damtse, akwai allurar Depo-Provera ta wata uku. Ita Depo a sani cewa bayan an daina, ƙwai yana iya ɗaukar wata goma ko shekara bai dawo fita ba. Dukkansu sukan kawo ɗigon jini ba a kan lokaci ba a watannin farko. Wannan a kai wa malami da lissafin kwanaki, don a bambance haila da istihala saboda salla da azumi.

Likitan Tiyata:

Na yarda da tsarin da Likita ta kawo, amma kada Yaya ta tashi da fahimtar cewa tiyata abin gudu ce. Mai ciwon da ke kwantar da ita duk wata, ga zafin saduwa da ke rage yawan kusantar da cikin ke buƙata, ga shi ba za ta sha maganin hana ƙwai ba, tiyata ce kaɗai ke taɓa ciwon ba tare da ta rufe ƙofar ciki ba. Abin lura shi ne wace iri, kuma a hannun wa.

Wadda ta dace ita ce ta kyamara, laparoskofi. Ana sa barci, a hura iska a ciki, a yi ƙananan huda uku ko huɗu masu faɗin santimita ɗaya ko ƙasa da haka, ɗaya a cibiya. A nan ake ganin komai, a yanke naman da ya tsiro, a raba abin da ya manne, a zuba shuɗin ruwa ta bakin mahaifa a ga ko ya fito ta bututun biyu. Yawanci kwana ɗaya ko biyu ake yi a asibiti. Tsaga ciki gaba ɗaya ya fi barin sabon tabo, tabo kuwa shi ne abin da ake yaƙi da shi.

A kan ƙullutun, hanya biyu ce. A huda a tsotse jinin kawai, wannan ba ya daɗewa yake sake cika. Ko a ɓare bangonsa gaba ɗaya, wanda ya fi hana dawowa, ya kuma fi ba da damar ciki. Farashinsa shi ne bangon kan fito da ɗan lafiyayyen nama mai ɗauke da ƙwai, ƙona wurin da lantarki don tsayar da jini ma yana kashe wasu. AMH yakan sauka bayan aiki, musamman idan gefe biyu aka taɓa ko aka maimaita. Ƙwai kuwa ba ya sake tsirowa. Saboda haka idan AMH ɗinta ya riga ya yi ƙasa, ko maniyyi ya yi rauni sosai, ko bututu biyun sun toshe, a wuce kai tsaye ga dashen ƙwai, IVF, ba sai an cire ƙullutun santimita 4 ba, sai idan zai tare hanyar ɗebo ƙwan. Idan gwaje-gwajen uku sun yi kyau, a shekara 29, tiyata ɗaya mai kyau sannan a nemi ciki nan da nan hanya ce mai ma'ana. Wata 6 zuwa 12 na farko bayan aiki su ne mafi albarka, kada a cinye su da allura. Idan suka wuce shiru, a tafi ga taimakon haihuwa, ba tiyata ta biyu ba.

Kafin a sa hannu a tambayi likitan: da kyamara zai yi? Ɓare bangon zai yi ko tsotsewa? Zai kai naman ɗakin gwaji? Idan ya tarar hanji ko bututun fitsari ya shiga ciki, akwai likitan da zai kama masa? A kuma rubuta a takardar yarda cewa ba za a cire gidan ƙwai ba sai don ceton rai. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri suna da sashen mata, a nemi takardar turawa a tambayi wanda ya saba da irin wannan aikin. A sani kuma ciwon na iya dawowa cikin shekaru biyar ga kaso mai yawa, shi ya sa bayan haihuwa ake komawa kan ƙwaya ko roba.

Babbar Yaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Hoton ta saman ciki aka yi, za mu sake. Yaya ake shirya gwajin maigidan da na bututun? Sannan ana ta kawo mata maganin matsi da na tsuguno wai suna narkar da ƙullutu. Akwai illa?

Sista Ungozoma:

Akwai illa, Yaya, a dakatar da su yau. Ƙullutun yana can cikin mara, babu hanyar da abin da aka cusa ta gaba ko hayaƙin da aka tsuguna a kai zai isa gare shi. Abin da suke isa shi ne fatar gaba da bakin mahaifa, su ƙona su, su kashe ƙwayoyin da ke kare wurin, sai sanyin gaske ya hau bututu ya ƙara tabo a kan tabo. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da asibiti, a haɗa su. Cushe-cushe ne matsalar.

Gwajin maigida shi ne mafi sauƙi da araha, da shi ake farawa. Ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya tara maniyyin gaba ɗaya a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar, ba a kwaroron roba ba. Idan a gida ya tara, ya sa kwalbar a aljihu kusa da jiki, ta isa cikin awa ɗaya. Sakamako ɗaya mara kyau ba hukunci ba ne, ana sakewa bayan kimanin wata uku, tunda zazzaɓi kaɗai yana iya rage shi na ɗan lokaci. Gara likita ya faɗa masa da bakinsa cewa ƙa'ida ce ga duk ma'auratan da suka zo, ya fi a bar wa matar ta isar da saƙon.

HSG ana yin sa ne bayan jini ya ɗauke kafin ƙwai ya fita, wajen kwana na 7 zuwa na 10, ana ƙirgawa daga ranar da jinin ya fara. Kada a sadu daga fara al'adar har a yi shi. Yana murɗa mara, ta sha Brufen awa ɗaya kafin lokacin, ta tafi da audugar mata. Idan akwai ruwa mai wari ko zazzaɓi, a yi magani tukuna. AMH kuwa kowace rana ana iya ɗibar jinin.

Ta fara shan folik asid tun yanzu. Ta kuma samu ɗan littafi tana rubuta ranar fara jini da ranar ɗaukewa, ƙarfin ciwo daga 1 zuwa 10, maganin da ta sha, da ko ta ga jini a bahaya ko fitsari. Wata biyu ko uku na wannan rubutun suna taimaka wa likita fiye da dogon bayani. Saduwa duk bayan kwana biyu ko uku ta wadatar, a zaɓi kwanciyar da ita ke iya iyakance zurfin, idan da zafi a tsaya.

Abubuwan da ba a kwana da su a gida: ciwo mai tsanani da ya sauko farat ɗaya a gefe guda da amai ko jiri, domin ƙullutun na iya fashewa ko gidan ƙwan ya murɗe, zazzaɓi da ciwon mara bayan HSG, da kuma ɓatan wata tare da ciwon gefe ko ɗigon jini. Masu wannan ciwon sun fi sauran mata haɗarin ciki ya zauna a bututu, don haka ranar da gwajin fitsari ya nuna ciki ta sanar da likitanta, a yi hoto ta gaba wajen mako na shida a tabbatar yana cikin mahaifa.